Tirela a gangare: yadda kayan jirgin ƙasa suka koma kan birki

Duk lokacin da tirela ta ƙwace a gangare a hanyar Abuja ko ta Zariya, gardamar ɗaya ce a majalisun Kaduna: wasu su ce lodi ne ya yi yawa, direbobi su ce hanya ce, masu motoci su ce direba ne. Maganar ta girmi dukansu.

Tun 1687 Newton, masanin kimiyya na Ingila, ya shimfiɗa dokokin motsi, kuma daga cikinsu ake gane cewa a kan gangare nauyin abu yakan kasu biyu, wani kaso yana danna shi a ƙasa, wani yana jan sa zuwa gindin tudu. A 1699 Amontons, wani masani na Faransa, ya nuna cewa gogayya, wato riƙon da ke tsakanin abubuwa biyu masu gugar juna, tana ƙaruwa daidai da yadda aka danna abu. Idan aka haɗa biyun, direbobi suna da ɗan gaskiya: ƙarin lodi yana ƙara jan gangare, amma yana ƙara riƙon taya a kwalta daidai gwargwado.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne lokacin da kaya masu nauyi suka bar dogo. Layin Legas zuwa Kano ya ratsa Kaduna tun 1912, kuma gyaɗa da auduga da fatu a kansa suke tafiya. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya riƙo sosai, saboda haka dole masu shimfiɗa dogo su yanke tudu, su cike kwari, su kewaye dutse, don kada hawan ya wuce mita ɗaya ko biyu a kowace mita 100. Ga shi kowane tarago da nasa birkin. Titin mota kuwa, da yake roba tana kama kwalta, ana barinsa ya hau ya sauka yadda jirgi ba zai iya ba.

Daga shekarun 1970 zuwa gaba, mai da siminti da hatsi suka riƙa komawa bayan tirela a hankali, har ya zama abin da kowa ya saba gani a Mararrabar Jos da Tafa. Taya ta ɗauki wannan nauyi, birki ne ya kasa. Duk saukar da mota ta yi, ƙarfin jan gangaren zafi yake zama a cikin birki, kuma idan lodi ya ninka, zafin ma ya ninka. Shi ya sa ake jin ƙaurin nan kafin a ga motar, a ga hayaƙi na tashi daga tayoyin baya, direba na ta taka birki yana kama iska. Tsofaffin direbobi sun san wannan, tun daga kan tudu suke sa giyar da ke tafiya a hankali su bar inji ya riƙe motar, karen mota kuma na riƙe da katakon da zai cusa a bayan taya in an tsaya a hawa.