Wai alawa ce ke kawo tsutsar ciki?

Tun muna yara ake ce mana "daina shan zaƙi, za ka yi tsutsar ciki", har yau akwai iyayen da ke ƙwace alawa a hannun yaro saboda haka. To gaskiya sukari ba ya haifar da tsutsa, ƙwanta ne ake haɗiyewa, kuma daga kashin mai ɗauke da ita yake fitowa ya gauraya da ƙasa ko ganyen da ba a wanke ba.

Wani likita ɗan Japan, Shimesu Koino, a jikinsa ya gwada a 1922. Bawan Allah ya haɗiye ƙwan macijin ciki har 2000 da gangan, kai jama'a! Ba a daɗe ba zazzaɓi ya rufe shi ga tari ga numfashi da ƙyar, da ya duba majinarsa a madubin likita sai ga 'ya'yan tsutsar suna ciki. Ashe ƙwan a hanji yake ƙyanƙyashewa, su bi jini zuwa huhu, su hauro maƙogwaro a sake haɗiye su sannan su girma a hanji.

Alawar da ta faɗi ƙasa yaro ya ɗauka ya lashe kam, wannan ita ce abin tsoro.