Asalin Sunan Lusifa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa Littafi Mai Tsarki ne ya raɗa wa Shaiɗan suna Lusifa, mala'ikan da girman kai ya jefo daga sama. Amma duk wanda ya karanta Ishaya sura 14 tun daga aya ta 4 zai ga cewa waƙar zambo ce ga sarkin Babila, wanda ya ci alwashin kafa gadon sarautarsa bisa taurarin Allah, sai aka wurga shi ramin matattu. Kalmar Lusifa kanta ta Latin ce, ma'anarta gamzaki, kuma fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Latin da malamin coci Jerom ya yi wajen shekarar 400, inda aka kira sarkin da wannan kalma a aya ta 12, ita ce ta yaɗa ta. Malaman coci irin su Orijen ne suka jingina ayar ga faɗuwar Shaiɗan, sannan marubucin waƙoƙi ɗan Ingila John Milton ya ƙara kafa wannan fahimta a doguwar waƙarsa ta 1667.