Waiwaye: Asibitin da ya ɗauki sunansa daga lambar asusun banki

Duk wanda ya taɓa yin azumi a Alƙahira, ko ya saba kunna tashoshin Masar bayan shan ruwa, ya san lambar nan 57357. Tsakanin wannan shiri da wancan sai a nuno yaro ba gashi a kansa, an ɗaura masa ruwa a hannu, wani ɗan wasa ko ɗan ƙwallo na zaune kusa da shi, lambar kuma na ƙasan allo. Asalinta lambar asusun da aka buɗe ne don tara gudummawar gina asibitin yara masu ciwon daji. Kafin gini ya kammala ta riga ta zauna a bakin jama'a, sai aka bar wa asibitin ita ta zama sunansa.

Tushen dabarar yana Amurka. Danny Thomas, ɗan wasan barkwanci da iyayensa suka yi ƙaura daga Labanan, ya yi bakance tun yana fama da babu cewa in ya samu buɗi zai gina wa waliyyin Kirista Jude wurin tunawa. Da buɗin ya zo sai ya nemi 'yan uwansa Larabawan Amurka, suka kafa ƙungiyar tara kuɗi ta ALSAC a 1957, aka buɗe asibitin St. Jude a birnin Memphis a 1962. A lokacin, cikin yara ɗari masu sankarar jinin da ta fi kama yara, huɗu kacal ke tsira. Yau a asibitin sun haura casa'in. Ƙa'idar gidan ita ce ba a miƙa wa iyaye takardar biyan kuɗi: magani, kuɗin mota, masauki da abinci duk a kan asibiti. Wanda ya taɓa jinya ya san waɗannan ukun na ƙarshe su ke fara karya magidanci.

Wannan tsari likitocin Masar suka ɗauko a ƙarshen shekarun 1990, Dakta Sharif Abul Naja na kan gaba. An samu fili a unguwar Sayyida Zainab da ke Alƙahira, wajen tsohuwar kwata, aka yi shekaru ana tara kuɗi, daga na attajirai da kamfanoni har zuwa canjin 'yan makaranta. Ranar 7 ga Yulin 2007 aka buɗe ƙofa, magani kyauta. Malaman fatawa na ƙasar sun halatta ba da zakka don jinyar marasa ƙarfi a irin waɗannan asibitoci, shi ya sa watan Ramadan ya zama kakar asibitin. A 2015 aka buɗe reshe a birnin Tanta.

Sai dai kuɗin jama'a da ido yake tafe. A 2018 marubuci Wahid Hamid ya jera maƙaloli a jaridar Al-Masry Al-Youm yana tuhumar yadda ake kashe gudummawar, musamman a kan tallace-tallace da albashi. Ma'aikatar jin daɗin jama'a ta kafa kwamiti, binciken bai tabbatar da manyan zarge-zargen ba. Amma zargi ba ya fita fes daga zuciyar mai bayarwa. Ni dai ina ganin tambayar tana kan hanya ko da amsar ta wanke su, domin asibitin da ke rayuwa da talla dole ya kashe kuɗi kafin ya samu kuɗi, mai sadaka kuwa so yake ya ji duk sisinsa ya tafi ga allura.

Babbar girgizar ta zo a 2022. A farkon shekarar dala ɗaya ba ta kai fam 16 na Masar ba, zuwa Janairun 2023 ta kai wajen 30. Magungunan daji da kayan injina yawanci da dala ake shigo da su, gudummawa kuwa da fam take zuwa, daga aljihun mutanen da su ma tsadar burodi ta isa. Asibitin ya fito yana kukan kuɗi sun ja baya, har maganar rufe reshen Tanta ta taso, fitattun mutane suka yi ta kai ziyara suna roƙon a kawo ɗauki. Maganin sankarar jini yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku, kuma ba a dakatar da shi a jira azumi ya zagayo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan 400,000 ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na warkewa, a yawancin matalautan ƙasashe ba su kai 30 ba. A 2018 hukumar da St. Jude suka ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa kashi 60 nan da 2030. A wajenmu abin da aka fi sani shi ne neman taimako ɗaiɗai: hoton yaro da kumburarren muƙamuƙi a Facebook, lambar asusun uba a ƙasa, ko sanarwa a rediyo da masallaci. Ƙasar Gana ta bi wata hanyar, ta saka ciwon dajin yara iri huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa: sankarar jini, ta ido, ta ƙoda, da ta Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin nan.