Steve Albini: tambayoyin da kuka ishe ni da su

Wane ne shi?
Ba'amurke ne, injiniyan sauti na kiɗan rock. An haife shi a 1962, ya rasu a watan Mayun 2024. Situdiyonsa, Electrical Audio, yana Chicago tun 1997.

Furodusa ne ko injiniya?
Shi da bakinsa ya ƙi a kira shi furodusa. A wurinsa waƙa ta masu ita ce, nasa kawai ya kafa makirufo ya naɗi abin da ke tashi a ɗakin. Don Allah a bar maimaita wannan tambayar.

Shi ya yi wa ƙungiyar mawaƙan rock ta Nirvana kundin Nevermind?
A'a, wannan aikin furodusa Butch Vig ne. Na Albini shi ne In Utero, a 1993, an naɗe shi cikin kusan mako biyu a jihar Minnesota. Kamfanin da ke fitar da kundayen Nirvana ma bai ji daɗin kaushin sautin ba, sai da wani furodusa, Scott Litt, ya sake tace wasu waƙoƙin.

Ni ma in karɓi ladana gaba ɗaya, ko in nemi kaso a ciniki?
To, nan sai a yi a hankali. Albini bai yarda da kaso ba sam. Ya rubuta wa Nirvana cewa a biya shi kamar mai gyaran famfo: ya yi aiki, a sallame shi. Dala 100,000 ya karɓa, ya bar kuɗin da suka ninka haka. Amma fa shi a lokacin yana da suna, masu neman aikinsa layi suke yi. Kai da kake farawa lissafinka daban ne. In naɗa kawai ka yi ka tace, ina ganin ladan hannu ya fi maka, domin yawancin kundaye ba sa mayar da kuɗin da aka kashe, ga wahalar bin bashin kaso. In kuwa ka sa hannu a tsara kiɗan ko rubuta baiti, wannan haƙƙinka ne, kada kunya ta sa ka bar shi. Ko ma wanne ka zaɓa, a rubuta kafin a kunna na'ura. Kuna yin aiki da baki, sannan ku dawo kuna kuka.

Dole sai na yi naɗi da tef irin nasa?
Kwantar da hankalinka, kwamfutarka ta isa. Shi ya riƙe tef ne don yana ganin ya fi daɗewa a ajiye. Je ka koyi inda ake ajiye makirufo a gaban ganga tukuna.