Faɗa-wutar Matterhorn

Faɗa-wutar Matterhorn, wadda masana ke kira Chelis cervini, ƙwaro ce daga dangin Erebidae da ba a samun ta ko'ina a duniya sai a tsaunukan Alps na Turai. Ko a can ma ba kowane tsauni ba: 'yan wurare ne warwatse a Suwizalan da Ostiriya da Italiya da Faransa, galibi tsakanin mita 2,600 da 3,200 sama da teku, inda bishiya ba ta fitowa.

Wani masanin ƙwari Bafaranshe, Jules Fallou, shi ya fara bayyana ta a 1864 daga tudun Gornergrat kusa da garin Zermatt na ƙasar Suwizalan. Ya raɗa mata suna daga Cervin, wato sunan da Faransawa ke kiran tsaunin Matterhorn mai tsayin mita 4,478. Ta daɗe ana kiranta Holoarctia cervini kafin a mayar da ita rukunin Chelis a 2016.

Fukafukanta rawaya-rawaya ne da dabbare-dabbaren baƙi. Amma abin ban sha'awa a rayuwarta yana wajen tsutsarta, baƙar gizaka mai gashi. Lokacin ɗumi a wannan tsayi 'yan makonni ne kawai, ba ya isar ta girma, don haka sai ta shekara biyu ko uku tana tsutsa. Ta ɗan ci ganyen ƙananan tsirrai, sanyi ya dawo, ta shige ƙarƙashin dutse, dusar ƙanƙara ta rufe ta wata da watanni. Duwatsun da take so falale ne marasa kauri, waɗanda rana ke saurin ɗumamawa. A ƙarƙashinsu take saƙa gidanta ta rikiɗe. Waɗanda suka rikiɗe suka zama faɗa-wuta suna fitowa a watan Yuli da Agusta.

Masana na ganin ta tsallake zamanin ƙanƙara ne, wato lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe yankin dubban shekaru da suka wuce, a kan ƙololuwan da suka leƙo sama da ƙanƙarar, shi ya sa mazaunanta suke nesa da juna yau.

Ƙarancinta ya jawo mata masu tara ƙwari, waɗanda suka riƙa bin Gornergrat suna ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya suna kwashe tsutsotsin. Wannan ɓarna ce babba ga halittar da ke shan shekaru kafin ta hayayyafa. Yanzu kuma ɗumamar yanayi na tura halittun sanyi zuwa sama, ita kuwa tuni tana dab da ƙololuwa.