Tsoron likitan haƙori na ƙara wa mutane wahala a Jos

Da zarar sanyin Jos ya kankama, mu ma'aikatan lafiya mukan fara ganin masu riƙe da kunci. Iska ta shiga baki, haƙorin da ya yi kogo ya amsa. Mutum ya kwana bai runtsa ba, amma da ka ce masa, "Baba, wannan sai likitan haƙori," sai ya ce, "Ɗana, a dai rubuta mini magani, wallahi allurar nan nake tsoro." Ba na ganin laifin mai jin wannan tsoro, don dattawa masu furfura ma suna jin sa. Abin da ke damuna shi ne jan ƙafar da yake jawowa.

Ɓawon haƙori na waje ba shi da jijiya, shi ya sa rami kan fara ba a ji komai ba. Babu wata tsutsa a ciki kamar yadda ake faɗa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar zaƙi da ya maƙale, su fitar da tsami mai cinye haƙorin sannu a hankali. A wannan mataki aikin ƙarami ne: a share ramin, a cike shi, ka tashi ka tafi harkarka. In aka bar shi ya kai ga jijiyar da ke tsakiya, nan ne zogin da ke hana barci yake farawa, daga baya mugunya ta taru a saiwa, kunci ya kumbura. Wanda tsoro ya sa ya jira har zuwa nan, shi ne kan tarar da babban aikin da yake gudu tun farko.

Maganar allura kuwa, a cikin dasashi ake yin ta kusa da haƙorin. Za ka ji ɗan zafin sukar allurar na 'yan daƙiƙu, bayan 'yan mintuna leɓe da kunci su yi nauyi. Daga nan za ka ji ana taɓawa, ana dannawa, ka ji ƙarar inji, amma ba zafi ba. In ka ji zafi, ka faɗa, a ƙara maganin. Haƙƙinka ne.

Shawarar da na fi ba wa kowa ita ce, tun kafin ka zauna a kujerar ka buɗe baki ka ce, "Likita, ni fa ina jin tsoro." Ba abin kunya ba ne, kuma ba kai ne na farko da ya faɗa masa haka ba. Ku yi yarjejeniya cewa in ka ɗaga hannu zai dakata. Sanin cewa kana da ikon tsayar da aikin yana rage faɗuwar gaba ƙwarai. Ka roƙi ya riƙa gaya maka abin da zai yi kafin ya yi. Ka je da safe don kada ka wuni cikin zullumi, ka ɗan ci wani abu, ka tafi da ɗan'uwa ko aminin da ka yarda da shi. Kana kwance, ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka yi ta ambaton Allah a zuci. Zuwan farko ma kana iya cewa dubawa kawai kake so. Masu hawan jini, ciwon suga ko sikila, da masu shan maganin tsinka jini, da mata masu juna biyu, su sanar da likita tun da farko.

Akwai jita-jitar da ke ƙara wa mutane fargaba. Cire haƙorin sama ba ya makantar da ido. Wankin haƙori ba ya sa haƙora girgiɗi. Dattin da ya daskare ne ke cin dasashi har su fara motsi.

Ina roƙonku, ku daina ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon haƙori, ku daina danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona naman wurin take yi. Kanumfari kan lafar da zogi na ɗan lokaci, amma ramin yana nan. Zuwa wurin masu cire haƙori a bakin kasuwa kuwa gudun gara ne a faɗa zago, don kayan aikin da ba a tsabtace ba na iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

Iyaye mata, don Allah a daina razana yara da cewa za a kai su a yi musu allura. A kai yaro a duba shi tun bai fara ciwo ba, ya saba da wurin.

A nan Jos akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da kuma asibitin ƙwararru na jihar Filato. Wanda kumburinsa ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko ya doshi ido, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗewa, ko haɗiya da numfashi suka fara wuya, kada ya jira gari ya waye. A kai shi sashen gaggawa a daren.