Haɓo ya tsaya, barci ya ƙi zuwa

A Jos, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan busar da cikin hanci har fatar ta tsage kamar kaushi, shi ya sa haɓo ya fi yawa a wannan lokaci. Wanda ya yi mai tsanani har aka cusa masa auduga a asibiti, ko aka ƙona jijiyar da magani, yakan koma gida da sabuwar matsala. Dare ya raba, ido biyu. Ya taɓa hanci ya haska yatsa da fitilar waya, miyau ma sai ya tofa ya duba launinsa.

Ba tsoro kaɗai ke hana barcin ba. Hanci a toshe yake, numfashi ya koma baki, maƙogwaro ya bushe, dole mutum ya riƙa farkawa. Wanda ya zubar da jini da yawa kuma zuciyarsa kan buga da sauri ko ya ji jiri, sai ya ɗauka fargaba ce, alhali ƙarancin jini ne. Wannan gwaji yake so da maganin ƙarin jini, ba lallashi ba.

A kwanta da filo biyu ko uku, kai ya fi ƙirji tudu, a ajiye ruwan sha kusa. Audugar takan kwana ɗaya zuwa uku, kuma wanda ya sa ta shi zai cire ta. Bayan an cire, a riƙa shafa Vaseline kamar ƙwayar dawa a bakin ƙofar hanci safe da dare har mako biyu, da yatsa mai tsabta wanda aka yanke farcensa. A shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗaki don iska ta yi laushi. Kaskon gawayi kuwa, duk sanyin da ake yi, kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki: yana ƙara busar da hanci, iskarsa kuma tana kisa.

Abin da ya fi rage fargaba shi ne mutum ya san me zai yi in jinin ya dawo. Tun kafin a kwanta a tanadi kwano da tsumma da agogo, da lambar wanda zai kai ka asibiti. In ya ɓalle, ka zauna ka ɗan sunkuya gaba, ka matse wajen taushin hancin, ba ƙashin ba, minti 10 zuwa 15 ba sakewa. Yawancin mutane a nan suke kuskure, duk bayan minti biyu sai sun saki sun leƙa, gudan jinin da ya fara daskarewa ya ɓalle. Ɗaga kai sama ma kuskure ne, jinin yakan gangara ciki ya tayar da amai. A gwada matsewar sau ɗaya da rana tare da wani na gida, don hannu ya san wurin.

Kada a sayi maganin barci a kemis. Irin su diazepam suna rage ƙarfin numfashi, ga shi hanci a toshe. Aspirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke cikin yawancin haɗin ciwon jiki, suna sa jini ya yi wuyar tsayawa. Paracetamol ya isa. Amma wanda likita ya ɗora a kan aspirin ko warfarin (maganin hana jini daskarewa) kada ya daina da kansa. Goro da shayi da kofi a bar su daga la'asar, tabar hanci a bar ta gaba ɗaya.

Mako guda ba fyace hanci, ba ɗaukar kaya mai nauyi, atishawa kuma a yi ta baki a buɗe. Wajen alwala a shafa ruwa a hankali, ban da shaƙa da ƙarfi. In sujada na sa hanci ya yi nauyi, an yi wa mara lafiya rangwame ya yi salla a zaune. Ganin majina ruwan ƙasa, ko baƙin bayan gida na kwana ɗaya ko biyu, galibi tsohon jini ne, wanda ya saura a hanci ko wanda aka haɗiya.

In an yi kusan minti 20 barci bai zo ba, a tashi zaune, a ja numfashi ta baki ana ƙirga huɗu, a sake shi ana ƙirga shida, har jiki ya saki. Masu zuwa dubiya kuma, don Allah, "sannu da jiki" ta wadatar. Labarin wane da haɓo ya yi ajalinsa shi ne zai kwana a kan mara lafiya.

A koma asibiti ko tsakar dare ne idan jini ya wuce minti 20 duk da matsewa, ko yana gangarowa ta maƙogwaro, ko an suma, ko audugar ta zame baya, ko zazzaɓi ya shigo. Idan rashin barci da fargaba sun haura mako biyu, a faɗa wa likita ranar komawa, a nemi a auna hawan jini, a kuma zuba duk magungunan da ake sha a leda a tafi da su, har da na gargajiya.